Ranar da Kwalli ta Ƙi Shiga Ganga

Ni mutum ne mai zafin rai, kowa a garinmu ya sani, ba sai na ɓoye ba. Na yi faɗa da mai awon gero a kasuwar Guci, na yi faɗa da ɗan kabu-kabu a hanyar Magarya, har limamin unguwarmu na taɓa ɗaga wa murya a kan iyakar gona. In aka ce Ɗayyabu na zuwa, mutane gyara zama suke yi. Amma wata goma sha ɗaya na yi da Kwalli ban taɓa ɗaga mata ko ɗan yatsa ba, kuma da wannan kaɗai nake taƙama a duniya.

Kwalli karya ce, ja, siririya, gefen idanunta baƙi kamar an ja mata kwalli, daga nan sunan ya fito. Na tsince ta tana 'yar kwikwiya a bayan rumfar mahauta, ƙaiƙayi ya cinye mata wuya. Na kawo ta gida, matata Shatu ta dube ni ta dube ta, ta ce in dai ba za ta shigo tsakar gida ta lashe mata ƙwarya ba, ba ruwanta. Sai na yi mata 'yar bukka a gindin rumbu, bayan danga.

Aikin kare ba a ƙauye na koya ba. Shekara tara na yi ina gadi a wata sosiyete, wato kamfani, a Damagaram, kuma wanda ke kula da karnukan wurin wani tsohon jandarma ne, Baba Tamu. Ranar farko da ya gan ni na ɗauko bulala, ya karɓe ta ya jefa a kan rufin kwano, ya ce in na sake, in tattara kayana. Hanyarsa ɗaya ce. Ka tsaya ka jira kare ya yi abin da kake so, a daidai lokacin ka ce "yawwa," ka miƙa masa abin daɗi. In ya yi kuskure ka yi shiru, ku sake daga farko. Ba tsawa, ba duka. Akwai maganar da yake maimaita mini har ta ishe ni:

"In kare da ya iya abu ya ƙi yi, ba taurin kai ba ne, Ɗayyabu. Magana yake yi maka. Je ka duba."

Da na dawo gida noma, a kan Kwalli na gwada duk abin da tsohon nan ya zuba mini a kai. A saurar da ke bayan gidanmu na shirya mata fili. Na jera bido, jarkokin ruwa, bibbiyu na ɗora musu kara, shinge uku, don tsalle. Na rataye tsohuwar tayar kamyo, babbar motar kaya, a reshen aduwa don ta wuce ta tsakiya. Na kafa turaku shida a jere tana bi ta tsakaninsu, dama, hagu, dama, hagu. Na ɗora katako a kan tsohon turmi, ta hau ta wannan gefe, ya rinjaya, ta sauka ta wancan. Na ƙarshe kuma gangar mai biyu na fasa wa gindi na haɗa su baki da baki, suka zama rami mai duhu da za ta shiga ta fito. Ladanta ƙuli-ƙulin Shatu ne, ina farfasa shi ƙanana a aljihu. Duk rigunana har yau warin man gyaɗa suke.

Gangar nan ta ba mu wahala, wallahi. Wata biyu cur. Na fara ajiye ƙuli a bakinta, ta ɗauka, na ce yawwa. Bayan kwana uku na matsa da shi taƙi ɗaya ciki. Bayan mako, kamu ɗaya. Wata rana iska ta kaɗa gangar ta yi ƙara, muka koma farko kamar ba a taɓa yin komai ba. Ni da ba na iya jiran ruwan shayi ya tafasa, na zauna a rana ina jiran karya ta yanke shawara. Ranar da ta shiga da gudu ta ɓullo ta ɗaya bakin tana kaɗa wutsiya, sai da na ji ƙwalla a idona, kuma ban ji kunya ba.

Mutanen gari kuwa dariya suka samu ta kyauta. Wai na buɗe lakwal, makarantar boko ta karnuka. Wai Ɗayyabu ya je birni ya dawo da hauka mai tsabta. Wani ya tambaye ni ko Kwalli za ta yi jarrabawa bana, na ce masa in ta yi za ta riga ɗansa ci, muka kusa dambe a bakin rijiya. Ina wanke hannuna yadda addini ya ce duk lokacin da ta taɓa ni da baki, amma wannan bai hana a ja tabarma in na zo zama ba.

Wanda ya fi kowa damuna shi ne yayana Gajere, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi maharbi ne, karnukansa huɗu, duk an yanke musu kunne. Ba mugu ba ne, kar in yi masa ƙarya, amma kansa dutse ne. A wurinsu in za a fita farauta, kwana biyu ake hana kare abinci, sannan da safen ranar a kama shi a hura masa magani a hanci, garin barkono da toka da wata saiwa da ba sa faɗin sunanta. Wai shi ke sa wa kare zuciya, ya daina tsoron komai. Haka ubanmu ya yi, haka kakanmu ya yi. Sau nawa Gajere yana zuwa da ɗan ƙullinsa yana cewa in bari ya hura wa Kwalli ko sau ɗaya, ni kuma ina ce masa ya hura wa kansa, ko Allah zai sa ya yi hankali.

Bayan an gama girbi masifa ta faɗo. Karnuka suka shiga garke suka kashe tumaki biyar, uku na maigari, biyu na wata tsohuwa da ba ta da komai sai su. Maigari ya tara mutane ya yanke hukunci: duk karen da ba na farauta ba, a kai shi bayan gari a kashe. Na maharba ba za a taɓa su ba, domin Sarkin Dawa, shugaban maharba, ya tsaya musu. Ku ji fa! Karnukan da ake bari da yunwa kwana biyu su ne masu gaskiya, ita kuwa Kwalli da ke kwana a ɗaure da cikinta cike, ita ce ɓarauniya. Raina ya ɓaci.

Na tafi ƙofar maigari, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan na kasa riƙe bakina. Na ce ranka ya daɗe, wannan hukunci ba adalci a cikinsa. Na ce karyata ta fi duk karnukan Sarkin Dawa jin magana, in kira ta daga kan nama ta bar shi ta zo. Sarkin Dawa yana zaune a gefe yana murza gemu, ya ce kare da ba a taɓa duka ba bai san ubangidansa ba, ranar da yunwa ta kama shi zai nuna halinsa. Na ce masa shi ma bai san karnukansa ba, tsoronsa kawai suke ji. Aka yi ta ba ni haƙuri ana jan rigata.

Maigari tsoho ne mai son a ga ƙarshen magana. Ya ce to, ranar Asabar da hantsi a taru a saurata. A ɗaure tunkiya a tsakiyar fili, a kwance wa karya igiya. In ta bi duk abubuwan nan nawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙi ko guda ba, ba ta kuma kula tunkiya ba, ta tsira. In ta ƙi ɗaya, Sarkin Dawa ya tafi da ita a take. Na ce na yarda, tun kafin ya rufe baki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Gajere ya biyo ni har gida. Fuskarsa ba wasa. Ya ce ya san Sarkin Dawa, ba zai yi sassauci ba, kuma karya da ba ta saba da taro ba za ta firgita. Ya fito da ƙullin nan nasa, ya ce don Allah, don darajar mahaifiyarmu, in bari ya hura mata gobe da safe. Ya ce ba ya son ya ga an ja ta ana kai ta bayan gari ina kallo. Maimakon in ji tausayin da ke cikin maganarsa, sai na ji raini. Na ce, "Yaya, in ka kusanci hancin karyata da wannan ƙazantar, ni da kai har abada." Ya mayar da ƙullinsa aljihu ya fita.

Da safen Asabar, ina fitowa na tarar da shi a saura shi kaɗai, yana gyara mini fili. Ya share ƙaya, ya daidaita turaku, ya sa duwatsu ya tokare gangunan don kar su motsa. Na ji kunyar abin da na faɗa masa jiya. Har na ce masa sannu da aiki, Yaya, Allah ya bar zumunci. Ya ce ba komai, bai dube ni ba.

Kafin hantsi ya yi zafi gari ya taru, har da mutanen ƙauyukan da ke hanyar Dungas waɗanda labari ya kai musu. Aka shimfiɗa wa maigari tabarma a inuwar aduwa. Sarkin Dawa ya tsaya da igiya a kafaɗa da tsumagiya a hannu, don in gani in san abin da ke jira. Aka ɗaure tunkiya a turke, tana ta kuka. Na kawo Kwalli, na kwance ta, na tsuguna na shafa mata wuya. Ta dubi taron, ta dubi tunkiya, sannan ta dawo da idonta kaina ta tsaya.

Na ɗaga hannu, ta tashi. Shinge na farko, na biyu, na uku, ko kara ɗaya bai motsa ba. Yawwa. Ta wuce ta cikin taya kamar an jefa ta. Yawwa. Ta shiga turaku, dama, hagu, dama, hagu, ƙura na tashi, ta wuce tunkiya da taki biyu ko kallonta ba ta yi ba. Na ji masu dariya sun yi tsit. Ta hau katako, ta tsaya a tsakiya har ya rinjaya, ta sauka a hankali. Wata tsohuwa ta yi salati. Zuciyata ta cika fal, na ce a raina yau zan ga bakin da zai sake cewa lakwal ɗin karnuka.

Saura ganga. Abin da ta yi sau ɗari, abin da take yi ko ban ce ba, don jin daɗinta.

Ta nufe ta da gudu, ta kai hancinta baki, ta ja birki. Ta yi atishawa. Ta ja da baya taki uku, ta zauna, ta dube ni.

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka ɗauka. Sarkin Dawa ya ce ta ƙi, magana ta ƙare. Maigari ya ɗaga hannu ya ce a ba ta sau uku, ko mutum ana yi masa uzuri. Na mayar da ita baya, na nuna mata ƙuli, na jefa ɗaya cikin ganga, na ba ta hannu. Ta je, ta leƙa, ta sake atishawa, ta girgiza kai, ta dawo ta zauna a gabana tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Idonta a kaina. Ni kuwa idona ba a kanta yake ba, yana kan Sarkin Dawa da ya sauke igiya daga kafaɗa ya fara yin zarge.

Daga nan ba na jin komai sai bakunan mutane. Wai ƙuli ya ƙare, ilimi ya ƙare. Wai a kira direktan lakwal. Wanda muka kusa dambe a bakin rijiya ya ce ashe ɗansa zai riga ta ci. Jini ya hau mini kai. Ina ganin igiyar nan, ina ganin hanyar bayan gari, ina ganin wata goma sha ɗaya na zaman rana za su tafi a banza a gaban mutanen da na raina. Maganar Baba Tamu ko kusa ba ta zo mini ba. Taki biyar ne tsakanina da bakin gangar, in durƙusa in leƙa, ban yi ba.

Sarkin Dawa ya miƙo mini tsumagiyarsa yana murmushi. Na karɓa.

Sau biyu na zuba mata, a gadon baya. Ba ta gudu ba a na farko, don ba ta san mene ne ba, tsayawa ta yi tana kallon hannuna. A na biyu ta yi ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, ta faɗa cikin ganga. Muka ji tana buge-buge a ciki, sannan ta ɓullo ta ɗaya bakin tana tari, idanunta na zubar da ruwa, tana goga hanci a ƙasa. Ba ta tsaya ba. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane ta shige ƙarƙashin rumbu.

Fili ya ɗauki sowa. Maigari ya ce ta cika sharaɗi, karya ta tsira, kowa ya shaida. Sarkin Dawa ya karɓi tsumagiyarsa ya dafa kafaɗata, ya ce yanzu na zama mutum. Ya juya ga taro ya ce kun gani, wata goma sha ɗaya na ƙuli-ƙuli, tsumagiya biyu ta gama aikin. Aka yi ta gyaɗa kai. Abin da na zo in ƙaryata a gaban gari, ni na tabbatar musu da shi da hannuna, kuma har da mutanen hanyar Dungas za su kai labarin gida.

Da aka watse na je in kwashe kaya. Na janye duwatsu, na sunkuya in mirgina ganga, sai wani abu ya daki hancina. Na yi atishawa har sau huɗu, idona ya rufe. Na shafa cikin gangar, na fito da tafin hannuna ja wur, haɗe da toka. An barbaɗa shi tun daga baki har tsakiya, ba kaɗan ba.

Gajere na samu a ƙofar gidansa yana gyaran baka. Ban yi sallama ba. Na buɗe masa hannuna a fuska. Bai musa ba, ko kaɗan. Ya ce tunda na hana shi hura mata, sai ya zuba inda dole ta shaƙa, don ta samu zuciyar gamawa. Ya ce ga shi kuwa ta gama, tana raye, me kuma nake so? Shi a ransa taimakona ya yi, har yana jiran godiya. Na ci kwalarsa, na ɗaga shi daga kan kujera, na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba. Na ce ya cuce ni, ya cuci dabbar da ba ta yi masa komai ba, ya lalata abin da na gina da haƙurin da ban ma san ina da shi ba. Ya bari na gama, sannan ya cire hannuna daga rigarsa a hankali.

"Ni barkono na zuba, Ɗayyabu," ya ce. "Ban ɗaga mata sanda ba."

Na juya na tafi gida, Shatu ta ga fuskata ta kawar da kai. Ita ta kai wa Kwalli ruwa ta wanke mata ido, ita da ta ce ba ruwanta.

Yau kwana arba'in da uku. Har yanzu ina jin haushin Gajere, ina jin haushin Sarkin Dawa da maigari da duk wanda ya yi dariya a filin nan, kuma ba na gaishe da rabinsu. Amma in na gama lissafa su, haushin da ya rage ya fi nasu duka yawa, kuma ba ni da wanda zan ci wa kwala a kansa. Sau biyu ta gaya mini, a gaban kowa, da harshen da ni kaɗai aka koya wa ji a garin nan.

Kwalli tana nan da ranta. Tana cin abinci in Shatu ta ajiye, tana kaɗa mata wutsiya. Ciyawa ta fara bushewa a kan turaku, gangunan na wanke su sau uku na jingine. Kullum da safe in na dawo daga masallaci nakan je gindin rumbu in zauna a ƙasa, nesa kaɗan, in fasa ƙuli in buɗe tafin hannu in jira, yadda muka fara tun tana kwikwiya. Ba na kiranta. Makon jiya ta fito da kai. Shekaranjiya ta tako har saura taki uku, na ce yawwa a hankali.

Ba ta ƙaraso ba. Na lura ba ƙulin take kallo ba, hannun take kallo, na dama, wanda ta ci a cikinsa wata goma sha ɗaya. Yau da safe sai na mayar da ƙulin hannun hagu, ni da aka yi wa tarbiyya ba a ba ko almajiri abu da hagu, na ɓoye na daman a bayana. Ta tsaya ta daɗe. Sannan ta zagaya ta gefe, a hankali, ta leƙa bayana don ta ga abin da na riƙe.